Dan Allah a taimaka, nginx ya ƙi ganin gunicorn

Salam 'yan uwa, wallahi kwana uku kenan abin nan ya hana ni barci. Na ɗora manhajata ta Django a sabar AWS, Ubuntu 22.04, in na kunna gunicorn a fot 8000 komai lafiya lau amma da na bi ta nginx sai 502 kawai. Na leƙa log yana cewa kuskure 13, wai ba shi da izinin taɓa soket ɗin da ke /home/ubuntu. Har chmod 777 na yi masa (na san ba kyau, gajiya ce), shiru. Www-data zan saka a rukunin ubuntu ne ko in mayar da soket ɗin /run? Mai aikin sai kirana yake.