Musayar waƙa: Yarinyar da ta fanshi kanta da auduga

Goggon Madani:
Salamu alaikum. Ga nawa, mai baki ya ɗora.

Mai Wurno a Sudan ne garin kakata,
Gudun yaƙin Burmi ya kawo ubanta,
Tana sha uku aka ɗaura aurenta,
Ba wanda ya tsaya ya tambaye ta.
Cikin dare ta ɗau ƙunshin kayanta,
Gonakin auduga na Jazira suka karɓe ta,
Da tsintar auduga ta tara sadakinta,
Ta mayar wa tsoho, ta fanshi kanta.

Malam na Gadarif:
Goggo, ban ƙi ta taki ba,
Amma gudu ba tarbiyya ba ne.
Iyaye ba su nufe ta da sharri ba,
Baƙi ne su, ƙasar ta wasu ce.
Mai 'ya a hanyar Makka bai barci ba,
Aure ya gani, katangarsa ce.

'Yar Umdurman:
Baba Malam, katangar nan da ɗan sanda,
Baitul ɗa'a sunanta a shari'a,
Mace ta yi yaji a jawo ta da 'yan sanda,
Sai 1969 aka daina.
Babikir Badri a 1907, Rufa'a,
Ya buɗe wa 'yan mata makaranta.
Khalida Zahir, 1952, likita,
Fatima Ahmad Ibrahim, 1965, majalisa.
Da sun jira izini, da har yau suna ɗaka.

Goggon Madani:
'Yata, Allah ya jiƙan waɗannan,
Sun yi, ba mai ja da wannan.
Amma su da biro suka yi yaƙin nan,
Tawa da buhu, a ranar Jazirar nan.
Mujallar mata, Sautul Mar'a, ba ta san da ita ba,
"Takariya" kawai ake kiranta a nan.

(Wannan baitin ya karye, ku bar min shi haka. Raina ne ya ɓaci.)

Malam na Gadarif:
To Goggo, zan sassauto kaɗan,
Khansa'u 'yar Khizamu ta kai ƙara,
Ubanta ya aurar da ita ba ta so,
Manzo ya warware, ba gardama.
Sai dai ita bazawara ce, ku lura,
Kuma gun alƙali ta je da rana.

'Yar Umdurman:
Baba, 'yar sha uku, ba Larabci,
Wane alƙali zai ji ƙararta?

Goggon Madani:
Bar shi, 'yata, ya sha shayinsa.
Malam, ka tambayi tsofaffin Madani,
Gidanta na laka da kuɗinta ta gina,
Tana suyar ƙosai, tana dama goɗo-goɗo.
Miji na biyu ita ta nuna,
Ta ce masa sharaɗi ɗaya ne:
'Ya'yanta mata sai sun yi allo,
Uwata ma har boko ta taɓa.

Malam na Gadarif:
Allo kam ban da ta cewa.
Zancen gudun dare, bayan Isha zan dawo.