Tsofaffin kaset na shirye-shiryen rediyo da talabijin a laburaren makaranta: ya kuka yi da naku?

Sabuwar Mai Laburare: Assalamu alaikum. Na gaji kwalaye cike da kaset na rediyo da na bidiyo, duk shirye-shiryen ilimi ne da aka naɗa tun da daɗewa, galibinsu ba rubutu a jiki. Shugaban makaranta ya ce ko in gyara ko in zubar. Don Allah a ba ni shawara.

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki yi saurin zubarwa. Namu a kan kanta kusa da lasifika na tarar da su, ga zafin taga. Maganaɗisun lasifika na ɓata abin da ke kan zare, laima kuma ta sa masa fumfuna. Ki jera su a tsaye a wuri mai sanyi, ki ɓalle ɗan harshen nan na gefen kaset don kada wani ya naɗi abu a kai. Masu minti 120 ki lallaɓa su, zarensu siriri ne, yanzu sai ya tsinke.

Malamin Kwamfuta: Ki juye su zuwa kwamfuta, ki fara da na bidiyo. Tun 2016 aka daina ƙera na'urar VHS, wato mai kunna kaset na bidiyo, ranar da taku ta mutu shi ke nan. Na murya kuwa da Audacity muka juye su, manhajar kyauta ce. Sai dai fa kaset mai minti 90 sai ya ci minti 90 cur. Mun adana a wuri uku, ɗaya a wajen makaranta.

Malamar Tarihi: Ni mai aro ce, bari in faɗi nawa. Darasina minti 40 ne, ba zan tsaya ina lalube a gaban yara ba. Tamu mai laburaren takan rubuta sunan shiri, tasha, ranar da aka watsa, ajin da ya dace, sannan ta ƙara da cewa "hira kan ƙidayar jama'a daga minti na 12". Wannan layin na ƙarshe shi ya sa muke zuwa aro. Wanda ba a rubuta ba, ko an juye shi ba mai taɓawa.

Tsohon Hannu: Gaskiyarki, Malama. Kuma abin da aka juye ya tsaya cikin aji. Shirin mallakar tashar ne, kafin a ɗora a intanet sai an rubuta musu an nemi izini.

Sabuwar Mai Laburare: Na gode, Allah ya saka. Malamin Kwamfuta, wace waya ake haɗa na'urar bidiyon da kwamfuta?