Gafiya tsira da na bakinki: nasiha ce ko gori?

Uwar Biyu: Jama'a ku raba mana gardama. Rigima ta tashi wajen rabon gado, kawu ya dubi yayata ya ce "gafiya tsira da na bakinki." Ita ta ce gori ne, shi ya ce nasiha ya yi.

Ɗan Tsoho: Nasiha ce mana. Gafiya jaka gare ta a kumatu, hagu da dama, a nan take ɗura hatsi ta kai rami. In an biyo ta, na bakin ne kaɗai nata.

Na Gefe: Haba Malam, na bakin nan a gonarta ta noma? Ɓarauniya ya kira ta a fakaice.

Jikar Inna: Kun tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Ɗan kunnenta ya ɓace, gida ya ɗora wa 'yar riƙo, yarinya har da rantsuwa tana kuka. Sai wani yaro ya ce ya ga jaɓa ta fito daga ɗakin da dare. Inna ta ce jaɓa 'yar mitsitsiya mai tsinin baki da wari, abincinta ƙwari, me za ta yi da zinariya? Aka ce ko gyazbi ne. Ta ce gyazbi gajeren bindi gare shi, gashi kaushi, yana can fadama cikin ciyawa. "Kai yaro, bindin fa?" Ya ce dogo ne, rabinsa na ƙarshe fari fat. Ta ce gafiya ce, a ɗauko fartanya a tona bayan rumbu. Ga ɗan kunne, ga cokali, ga gyaɗa jibge. Ko haƙuri babu wanda ya ba yarinyar nan.

Na Gefe: Namu gafiyoyin farin ba a bindi yake ba, a babbar riga yake. Kuma raminsu ba ya tonuwa.

Ɗan Tsoho: Kada ka ci zarafin gafiya. A Morogoro ta Tanzaniya ƙungiyar APOPO na horar da dangoginta su sansano nakiya da tarin fuka, ladansu ɗan ayaba.

Na Gefe: To a turo mana su su sansana kasafin kuɗi.

Baƙo: Ku tsaya, shi burgu mijin gafiya ne ko wani iri ne daban? Mun kwana muna musu da maƙwabcina.