Gishiri a Tankin Kifi Mai Tsirrai: Abin da Masu Kiwo Suka Shawarta

Masu kiwon kifin ado da suka tattauna a Agege sun fi karkata ga cewa kada a zuba gishiri a tankin da aka shuka tsirrai, domin yana zuƙe ruwan jikinsu har ganye ya narke. Gishiri ba ya bin tururi, saboda haka a zafin Legas ruwa yana raguwa, shi kuwa yana ƙara ƙarfi, kuma canjin ruwa kaɗai ke fitar da shi. Idan kifi ya kamu da ciwon fararen ɗigo, wanda akan yi wa magani da gishiri, a ware shi a wani tanki, a yi masa magani can. Dangin tarwada ma ba sa jure gishiri sosai. Shawarar da na fi ɗauka da muhimmanci ita ce mazauna Lekki da Ajah su fara gwada ruwan burtsatsensu, don wani yana zuwa da gishirinsa.