Neman kalmar Hausa: me za mu kira "camper trailer"?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa masu aikin fassara. Ina fassara labarin wasu ma'aurata 'yan Amurka da suka ratsa tsaunukan Roki tare da kyanwarsu, sai na ci karo da abin da suke kira "camper trailer", na rasa sunan da zan ba shi. Ɗaki ne a kan tayoyi wanda ba shi da inji, ana maƙala shi da ƙugiya a bayan mota a ja shi, kuma a cikinsa akwai gado da murhun gas da tankin ruwa, wani ma har da makewayi. Da farko na rubuta "tirela", amma duk Bahaushen da ya ji tirela, babbar motar ɗaukar siminti ko buhunan hatsi zai hango, ba wurin kwanan mutum biyu da mage ba.

Abin da ya sa na matsa a kan wannan kalma shi ne, labarin ba zai fahimtu ba sai mai karatu ya gane cewa ana iya kwance ɗakin daga jikin motar. A gandun dajin Glacier da ke jihar Montana akwai hanyar da ake kira Going-to-the-Sun, mai tsawon kimanin kilomita 80, wadda take hawa har mashigar Logan, mita 2,026 sama da teku. Saboda ƙuncin hanyar da kwane-kwanenta a gefen dutse, an hana duk abin hawan da tsawonsa ya wuce ƙafa 21 bi ta tsakiyarta, kuma idan mota tana jan wani abu, tare ake auna su. Dole matafiya su ajiye ɗakin a ƙasa su hau da motar kaɗai. Ina neman shawararku.

Wani malamin Hausa daga Sakkwato:
Wa alaikumus salam. Malam, ai Hausa ba ta rasa kalma a nan ba, domin muna da "tafi-da-gidanka", wadda muke faɗa a kotun tafi-da-gidanka da asibitin tafi-da-gidanka, har wayar salula ma ta taɓa amsa wannan suna. A ganina babu inda kalmar ta fi dacewa kamar nan, tun da gidan ne da kansa ake tafiya da shi.

Sai dai ina jan kunnenka game da wani tarko. Mutanen Ingila suna kiran wannan ɗaki "caravan", kalmar da ta samo asali daga Farisanci, kuma ma'anarta ta farko ita ce ayari. Na sha ganin an fassara ta da "ayari" a inda ɗaki guda ake nufi, alhali ayari a wurinmu taron fatake ne da madugunsu da dabbobinsu. Ɗakin da aka ƙera wa Dakta William Gordon Stables a Bristol a 1885, wanda dawakai suke ja kuma ake ɗauka shi ne na farko da aka yi domin yawon shaƙatawa, ba ayari ba ne. Amma tafiyar da Wally Byam, wanda ya kafa kamfanin Airstream mai ƙera irin waɗannan ɗakuna, ya jagoranta daga Cape Town zuwa Alƙahira a 1959 da ɗakuna masu yawa a jere, wannan kam ayari ce sosai, shi kuma madugu.

Wata mai fassarar labarai daga Kano:
Allah ya gafarta malam, na yarda da gargaɗinka a kan ayari, amma ina da ja a kan tafi-da-gidanka. Turawa suna da abubuwa biyu: akwai motar da ita kanta ce gidan, direba yana gaba, gado yana bayansa, akwai kuma ɗakin da ake ja. Idan muka ba su suna ɗaya, to matsalar da mai tambaya ya kawo tana nan ba ta warware ba. Ina ganin a bar wa ta farko "motar tafi-da-gidanka", domin sunan ya zauna mata daram.

Shi kuwa na biyun, shawarata ita ce "taragon kwana". Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 Bahaushe ya san tarago: ba shi da inji, ana ƙulla shi, ana kwance shi, ana barinsa a tasha kan jirgin ya yi gaba. Duk siffofin da ake nema suna cikin kalmar, "kwana" kuma ta bayyana amfaninsa. Na yi tunanin amalanke, sai na ga kaya ake ɗora masa kuma ba shi da rufi. Wurin da ake ajiye taragon a kwana kuwa, ba ma bukatar ƙirƙira, sunansa zango.

Wani likitan dabbobi daga Zariya:
Hajiya, kalmarki ta kwanta mini, amma akwai wuri guda da za ta iya ɓatar da mai karatu, kuma ya shafi kyanwar. A jirgin ƙasa fasinja a cikin tarago yake zama lokacin tafiya, shi kuwa wannan ba haka ba ne. A Ingila doka ta hana kowa zama a cikinsa yana kan hanya, dabba ma bai kamata a bar ta a ciki ba, domin yana jijjiga fiye da mota, ga zafi, ga shi babu mai ganin halin da take ciki. Kyanwa a cikin mota take tafiya, a rufe a ɗan akwati mai ƙofar raga, sai an sauka a zango a shigar da ita. Dabba ce mai riƙe wuri fiye da kare, shi ya sa wannan tafiya take yi mata sauƙi, tun da ƙanshin ɗakinta da kaskon yashin da take bahaya a ciki ba sa canzawa ko da dutsen da ke waje ya canza. Akwatin nan ina roƙon a kira shi keji, kada a ce akurki, domin akurki na kaji ne kuma a tsakar gida yake zaune.

Mai tambaya:
Na gode muku ƙwarai. Na ɗauki "taragon kwana", zan kuma bayyana shi sau ɗaya a farkon labarin, tare da faɗin cewa ba a zama a cikinsa sai an tsaya, kamar yadda likita ya nuna. Ga yadda jimlar da ta hana ni barci ta koma: "Da asuba suka kwance taragon kwana suka bar shi a zango, suka ɗora kejin kyanwa a kujerar baya, sannan suka kama hanyar hawa tsauni."

Saura abu guda. Dokar gandun ta ce dabba ba ta fita waje sai da igiyar da ba ta wuce ƙafa 6 ba, kuma ita kyanwa ba a wuya ake ɗaura mata ba, wani maɗauri ne da ke zagaye ƙirji da kafaɗu. Na rubuta "ɗamarar ƙirji" kafin in ji daga gare ku, musamman 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ko kuna da wata kalmar da ta fi ta.