Shin ana iya gane lafiyar injin roka daga wutar da yake fitarwa?

Ɗalibi daga Aliero:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Na kalli bidiyon saukar rokar gwaji ta kamfanin SpaceX mai suna SN8 a watan Disamba na 2020, sai na ga wutar injin ta koma kore jim kaɗan kafin rokar ta daki ƙasa ta tarwatse. Me wannan launin yake nunawa? Kuma da gaske ne masana suna auna lafiyar inji ta hanyar duban wutarsa?

Malamin kimiyyar sinadarai, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Koren nan jan ƙarfe ne yake ƙonewa. Man da ke isa injin ya ragu, oksijin ya yi yawa, sai wutar ta shiga cin jikin injin kansa, wanda ke ɗauke da jan ƙarfe. Sai dai duk lahanin da ido ya gani ya riga ya yi nisa, shi ya sa masana suke amfani da na'urar tantance haske, domin kowane sinadari yana da nasa hasken idan ya yi zafi sosai: a ma'aunin zangon haske da ake kira nanomita, na ƙarfen kuromiyam yana wajen 425, na ƙarfen manganis 403, na jan ƙarfe kuwa 325 da 327.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta daɗe tana wannan aiki a cibiyar Stennis da ke jihar Misisifi, inda ake gwada injin RS-25 na kumbon Space Shuttle da ya yi zirga-zirga daga 1981 zuwa 2011. Injin yana ƙona haidurojin da oksijin, abin da ke fita kusan duk tururin ruwa ne, saboda haka ko ɗan burbushin ƙarfe ya shiga wutar sai ya bayyana. Ana saita na'urar a kan dunƙulen haske na farko da ke ƙasan bakin injin, inda iskar take sake matsewa ta yi zafi. Abin da ya fi burge ni shi ne, tunda an san haɗin ƙarfen kowane sashe, ana iya gane inda ɓarnar take. Jan ƙarfe tare da azurfa yana nuna bangon ɗakin ƙonewa, baƙin ƙarfe da kuromiyam kuma suna sa a zargi boris ɗin famfon da ke tura mai cikin injin, wanda ke juyawa sau dubu goma-goma a minti ɗaya.

Injiniya daga Argungu:
Allah Ya ƙara ilimi, Malam. Zan ƙara gargaɗi ɗaya, kada ɗan'uwanmu ya ɗauka kowane kore lahani ne. Injin Merlin na rokar Falcon 9 yakan yi walƙiyar kore lokacin tashi, saboda sinadarin da ake kunna shi da shi yana ɗauke da boron. Kamar bakanike ne da hayaƙin salansa, sai ya san irin motar da lokacin da hayaƙin ya fito kafin ya yanke hukunci.

Ɗalibi daga Aliero:
Na gode ƙwarai. To, Malam, hanyar tana aiki a kan kowane irin inji?

Malamin kimiyyar sinadarai, Birnin Kebbi:
Tana aiki, amma da bambanci. Injin da ke shan kananzir yana fitar da kunkunniya mai haske sosai, wadda takan danne hasken ƙarafan, don haka sai an sha wahala kafin a tace shi. A ganina bai kamata a dogara da ita kaɗai ba. A haɗa ta da ma'aunan zafi, da matsin iska, da girgizar famfo, sannan a kwance injin bayan gwaji a tabbatar da abin da hasken ya nuna.