Wane suna za mu ba gidan da ke lura da tsofaffi?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa masu kishin harshe. Ina neman shawararku kan sunan da ya dace da abin da Turawa ke kira "smart home", musamman irin wanda ake shirya wa dattawa domin su ci gaba da zama a gidajensu ba tare da an kai su gidan kula da tsofaffi ba.

Kafin a raɗa suna, ya kamata a san aikin. A irin wannan gida ana manna ƙananan na'urori masu gane motsi a ƙofa da banɗaki da gefen gado, fitila tana kunna kanta idan tsoho ya tashi cikin dare, murhu kuma yana mutuwa idan an manta shi a kunne. A Japan, inda 'yan shekara 65 zuwa sama suka kusa kashi 30 cikin ɗari na jama'a, kamfanin Zojirushi ya fito tun 2001 da butar lantarki mai sanar da 'ya'ya lokutan da iyayensu suka yi amfani da ita, ta yadda idan suka ga ba a taɓa ta ba tun safe sai su bincika lafiya. Agogon Apple Watch ma tun 2018 yana gane faɗuwa, ya kira masu agajin gaggawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ta fi ɗauka.

"Gida mai wayo" shi ne abin da ke fara zuwa baki, amma ban yarda da shi ba. Wayo a wurinmu yana tafe da ƙanshin dabara da cuta, kuma babu dattijon da zai saki jiki a gidan da aka ce masa zai yi masa wayo. "Gidan zamani" kuwa tuni ya zama sunan kowane ginin siminti mai tayil. Abin da nake ba da shawara shi ne "gida mai lura", saboda lura ta haɗa gani da kulawa, ba ta kuma ɗauke da zargin da ke cikin "sa ido".

Sauran kayan, kamar na'urar ƙara ji da keken guragu da akwatin magani mai tunatarwa, bai kamata a kira su "kayan tallafi" ba, don kunne zai tafi ga shinkafar da ake rabawa. Na fi son "madogarai", daga dogara, kalmar da tsoho ya riga ya sani ta hanyar sandarsa.

Akwai kuma inda dole a yi hattara sosai. Idan ana son a ce tsohuwa tana tafiyar da rayuwarta ba tare da dogaro da kowa ba, kada mai fassara ya rubuta "tsohuwa mai zaman kanta", domin kowa ya san ma'anar da wannan furuci yake da ita idan aka jingina shi ga mace, kuma cin mutuncin iyayenmu ne. A ce "mai iya wa kanta" ko "mai dogaro da kanta".

Ina roƙon 'yan uwa na Damagaram da Maraɗi, waɗanda suka fi cin karo da kalmar Faransanci "domotique", wato fasahar irin wannan gida, su gaya mana ko "gida mai lura" ya zauna daidai a kunnensu.